Sanyin da ke zuwa mana a cikin kwantena

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da na daɗe ina gani a wurin aikina, wanda ya shafi lafiyar 'yan'uwanmu da yawa a zangunan Kumasi da Accra, ko da yake ba kasafai ake zancensa ba. Ni ma'ajin sito ne, na shafe shekaru ina karɓar sinadaran masana'antu da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema a hau da su Kumasi, kuma yawancin waɗanda muke aiki tare, daga direbobin tirela zuwa 'yan dako da masu gadi, Hausa suke ji. Abin da ke damuna shi ne yadda sanyi da laima ke haɗuwa su ɓata waɗannan kaya, wani lokaci har su mai da su abin da zai iya halaka mutum.

Na san mai karatu zai ce ina ruwan Gana da sanyi, ƙasar da ko a tsakiyar hunturu mutum na iya yini da 'yar shara. Haka masu kaya da yawa suke gaya mini idan na tayar da zancen. Amma kayan da muke karɓa a watannin Janairu da Fabrairu an loda su ne a Antwerp ko Rotterdam ko Hamburg, ko kuma a Tianjin da Qingdao da ke arewacin Sin, a lokacin da ruwa ke daskarewa a waje, kuma sau da yawa kwantenar ta kwana da kwanaki a filin tasha kafin ta shiga jirgi. Duron ƙarfe mai cin lita 200 da aka cika da sinadari ba ya sakin sanyinsa da wuri, musamman idan yana tsakiyar wasu durorin da aka matse wuri guda. Sa'ad da jirgi ya gangaro kudu ya shigo iskar yammacin Afirka mai ɗumi da danshi, sai abin da kowa ya sani game da ledar ruwan sanyi ya faru: ka ciro ta daga firji ka ajiye a kan tebur, kafin ka juya jikinta ya yi gumi. Wannan gumin daga iska ya fito, domin iska mai ɗumi idan ta taɓa abu mai sanyi dole ta sauke ruwan da take ɗauke da shi.

Lissafin ba shi da wuya. Iskar da ta cika da danshi a zafin digiri 30 tana riƙe da kimanin giram 30 na ruwa a kowace mita guda ta tsawo da faɗi da zurfi, a digiri 20 kuwa kusan giram 17 kawai za ta iya riƙewa, a digiri 10 kuma abin bai wuce giram 9 da ɗoriya ba. Ragowar dole ya sauka a wani wuri. Kwantena mai ƙafa 40 tana da fili kusan mita 67 irin wannan, ga ƙananan kafofin shan iska a jikinta, ga katakon da aka ɗora kayan a kai, wanda idan ɗanye ne ya fi iskar kanta ajiye ruwa nesa ba kusa ba. Bayan an sauke kwantenar a Tema abin ba ya ƙarewa, domin da rana rufin ƙarfen yana ɗaukar zafi ya kori danshi daga katako da kwali zuwa cikin iska, da dare kuma ya huce, danshin ya taru a ƙarƙashin rufin ya riƙa ɗiga a kan kaya kamar yayyafi. Kwantenar da ta yi mako uku tana jiran takardun kwastan ta yi wannan zagaye sau ashirin da ɗaya.

Bari in faɗi abin da na gani da idona. Wata safiya a ƙarshen Janairu aka kawo mana kwantenar sinadarin da ake kira TDI, wanda da shi ake yin soson katifa da na kujeru. Da aka yanke hatimi aka buɗe ƙofa, sai muka tarar takardun da aka manna a jikin durori sun jiƙe sun fara saɓulewa, kuma a kan kowane duro, a cikin ɗan kwarin nan da ke kewaye da murfi, ruwa ya kwanta ya yi jan tsatsa. A layi na uku akwai duro guda wanda samansa ya kumbura ya yi tozo, gindinsa ma ya turo har ba ya zama daidai a kan katako, yana rawa idan an taɓa shi. Wani yaro daga cikin 'yan dako, ɗan unguwarmu wanda bai fi shekara ashirin ba, ya riga ya ɗauko sufana da guduma zai kwance toshiyar, a cewarsa don iska ta fita duron ya koma daidai. Na riƙe hannunsa na ce, “Ɗana, ajiye wannan, ja da baya.” Ya dube ni da mamaki ya ce, “Baba, ai iska ce kawai.” Gaskiya ya faɗa, iska ce, amma iska ce da ke matse a kan ruwa mai guba, kuma fuskarsa ce ke saitin toshiyar.

Abin da ya faru da duron shi ne, sanyi yana sa sinadari da 'yar iskar da ke samansa su tsuke, robar da ke bakin toshiya ita ma ta ƙanƙance ta yi tauri, sai duron ya zuƙo abin da ke waje, idan kuwa ruwa ne kwance a bakin toshiyar, shi zai zuƙa. TDI ba ya zama lafiya da ruwa. Da zarar sun haɗu sai su haifar da wani farin daskararren abu da kuma iskar kabon dayoksaid, kuma giram 18 na ruwa kan ba da fiye da lita 22 na wannan iska. Ma'ana, ƙaramin cokalin shayi guda na ruwa ya isa ya samar da iska lita shida ko fiye a cikin duron da ɗan filin da ya rage a samansa kaɗan ne. Aikin ba ya faruwa nan take, yana tafiya a hankali cikin sanyi, ya ƙara sauri idan zafi ya zo, shi ya sa duron da ya bar Turai lafiya yake kumbura a hannunmu. Tururin TDI kuma yana ƙona ido da maƙogwaro, yana iya sa wa mutum ciwon asma da zai bi shi har ƙarshen ransa, ta yadda ko ɗan kaɗan ya sake shaƙa numfashinsa zai sarƙe. Duron nan mun janye shi a hankali zuwa inuwa a fili, muka kewaye shi da igiya, muka kira waɗanda suka sayar da shi, babu wanda ya sake kusantarsa sai mai kayan kariya.

Duk wanda ya san tarihin wannan sana'a ya san abin da ya faru a birnin Bhopal. A daren 2 ga Disamba 1984, wayewar garin 3 ga wata, ruwa ya shiga tankin wani sinadari ɗan dangin TDI a masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide a ƙasar Indiya, tankin ya yi zafi ya saki tururi kimanin tan 40, dubban mutane suka mutu cikin 'yan kwanaki. Dare ne na sanyi, tururin kuma ya fi iska nauyi, sai ya bi ƙasa ya shiga unguwannin talakawa da ke maƙwabtaka da masana'antar. Sinadarin Bhopal ya fi TDI saurin tashi da saurin kisa sosai, ba na son in tsorata kowa fiye da kima, amma hanyar da ruwa ke tayar da su iri ɗaya ce, kuma mu ma sitocinmu da yawa suna jingine da gidajen mutane.

Sanyi yana da wata ɓarnar ko da ruwa bai shiga ba. TDI da aka fi kawowa gauraye ne na iri biyu, kashi 80 da kashi 20, kuma yana fara daskarewa a wajen digiri 14, sanyin da bai kai ko kusa da na Hamburg a Janairu ba. Iri na farko shi ke riga daskarewa, don haka idan duron ya narke a hanya ba tare da an gauraya shi ba, abin da ke sama da abin da ke ƙasa ba su zama ɗaya ba. Mai masana'anta ya zuba shi a inji, soso ya ƙi tashi daidai ko ya tsage, a ɗora laifin a kan ma'aikata ko a kan inji, alhali tun a teku aka yi asarar. Maganin shi ne a bar duron a rufe a ɗaki mai ɗumi da bushewa har ya narke gaba ɗaya, sannan a mirgina shi sosai ya gauraya. Na taɓa jin mai kaya yana ba da umarnin a hura gawayi a ƙarƙashin duro don a yi sauri, na kuma ji wanda ya ce a kwara masa tafasasshen ruwa. Na farko yana ƙona sinadarin ya tayar da matsi, na biyu kuma yana kai ruwa daidai bakin toshiyar da muke gudu. Haka soda ta ruwa mai ƙarfin kashi 50 take daskarewa a wajen digiri 12, asid ɗin binega tsantsa kuma a ƙasa kaɗan da digiri 17, dukansu haƙuri suke so.

Sai kabaid, wanda ya fi kusa da mu duka, domin babu mai bi ta Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, bai ga masu walda suna jefa shi a tukunyar gas ba. Kabaid kilo guda idan ya sha ruwa yana ba da kusan lita 300 na iskar asitilin, kuma wannan iska tana kamawa da wuta ko da kashi biyu da rabi cikin ɗari ce kawai a iskar ɗaki. Ba sai an zuba masa ruwa ba, danshin iska ya ishe shi, shi ya sa gwangwanin da aka buɗe aka bari yake komawa farin gari yana wari kamar tafarnuwa. A nan ne hunturunmu, duk da sauƙinsa, yake da nasa haɗari. Da rana iska ta bushe har leɓe ya tsage, sai mai sito ya saki jiki ya bar murfi a buɗe, alhali da asuba a Kumasi hazo kan sauka, raɓa ta kwanta a kan kwano da gilashin mota, ta taru a ƙarƙashin rufin sito ta ɗiga. A waɗannan darare ne kuma masu gadi suke hura wuta don jin ɗumi. Na taɓa zuwa aiki bayan sallar asuba na tarar da wani dattijo mai gadin siton maƙwabtanmu zaune a kan benci, ya lulluɓe da bargo, kurfotinsa cike da garwashi a tsakanin ƙafafunsa, bayansa jingine da ƙofar da warin tafarnuwa ke fitowa ta ƙarƙashinta. Shekarunsa da yawa a wurin, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa abin da yake gadi. Na durƙusa na gaishe shi, na roƙe shi mu matsa da wutar can nesa, na yi masa bayani. Ya yi shiru, sannan ya ce da an faɗa masa tun farko da bai taɓa kusantar ƙofar da wuta ba. Ba ni da shakka a kan haka.

Sauran kayan ba sai na tsawaita ba. Soda ta gari da mata ke saye don yin sabulu tana jan ruwa daga iska har ta narke ta ci buhu ta ƙona ƙafar mai dako. Haidiros ɗin masu rini idan ya ɗan jiƙa yana yin zafi da kansa har ya iya kamawa da wuta. Garin kulorin na tsabtace ruwa shi ma ba ya son laima ko zafi ko haɗuwa da mai, kuma ya sha tayar da gobara a jiragen ruwa. Ƙwayar da ake sa wa buhunan masara da wake don kashe ƙwari kuwa da danshin iska take aiki, tana sakin iskar fosfin mai kisa, don haka ajiye ta a ɗakin kwana ko a shagon da ake kwana a ciki ganganci ne da rai.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk wannan bayani a rubuce yake, yana tafe tare da kayan. Dokokin jigilar kaya masu haɗari ta teku, waɗanda hukumar kula da sufurin ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara, sun ware wa kayan da ke sakin iska mai kamawa idan sun jiƙa rukuni na 4.3, alamarsu kuma shuɗiya ce mai hoton harshen wuta. Kabaid lambarsa 1402, TDI kuma 2078 a rukuni na 6.1 mai hoton ƙoƙon kai. Kowane sinadari yana da takardar bayanin kariya mai sassa 16, sashe na 7 ya faɗi yadda za a ajiye shi, na 10 ya faɗi abin da ba ya jituwa da shi, na 5 kuma ya faɗi abin da za a kashe wutarsa da shi. Amma takardar da Turanci take, wani lokaci da Sinanci, kuma tana kwance a aljihun teburin ofis, wanda zai ɗora duron a kafaɗarsa ko ya kwana a bakin ƙofarsa bai taɓa ganinta ba. A fashewar da ta auku a tashar Tianjin ranar 12 ga Agusta 2015 mutum 173 suka rasu, fiye da ɗari daga cikinsu 'yan kwana-kwana ne, waɗanda na farkonsu suka isa wurin ba tare da cikakken sanin abin da aka tara a sito ba, alhali akwai kabaid a cikin kayan. Mu ma a nan mun ga fashewar da ta auku a ƙauyen Appiatse kusa da Bogoso a ranar 20 ga Janairu 2022. Wannan ba laima ce ta jawo shi ba, amma mutane sun matso kusa da motar da ke ci da wuta ba su san nakiyar haƙar ma'adinai take ɗauke da ita ba.

A siton da nake, bayan abin da ya faru da duron nan, mun sauya wasu abubuwa da ba su ci kuɗi mai yawa ba. Idan kwantena ta iso muna buɗe ƙofa mu ja gefe ta sha iska kafin kowa ya shiga, a goge ruwan da ke kan kowane duro nan take, a duba kumburi da tsatsa, kuma duk kayan da jikinsu ke da sanyi ba a buɗe su sai sun kwana sun daidaita da zafin ɗaki, domin buɗe duro mai sanyi a iska mai danshi daidai yake da zuba masa ruwa da hannu. Babu buhu ko gwangwani da ke taɓa siminti ko bango, komai a kan busasshen katako yake, kayan da ke gudun ruwa suna ɓangare guda nesa da famfo da magudana, kuma a bakin ƙofarsu akwai bokitan busasshen yashi da tukunyar kashe wuta ta gari, tunda wutar kabaid ba a kashe ta da ruwa. Duron da aka ɗiba aka rage a toshe shi da kyau a riga amfani da shi, wanda ake zargin ruwa ya shiga kuwa ba a ɗaure bakinsa tamau, don kada iska ta taru. Akwai abu guda da nake nanatawa ga yara kullum don kada su rikice: kaya ake hana wa ruwa, ba mutum ba. Wanda soda ko asid ya fantsamar masa a ido ko fata, ya wanke da ruwa mai gudu aƙalla minti goma sha biyar, sannan a garzaya da shi asibiti da takardar sinadarin a hannu.

Direbobi ma suna da hakki a wannan magana. Mai ɗauko kaya daga Tema ya bi ta Nsawam da Nkawkaw da Konongo, ko wanda zai zarce Techiman da Tamale har Paga ya tsallaka Burkina Faso ko Nijar, yana ratsa yanayi iri-iri, daga iskar teku mai gishiri zuwa sanyin asubar arewa, wanda ya fi na Kumasi tsanani. Idan kayan a buɗaɗɗiyar mota suke, tamfol mai huda ko wanda aka ɗaure shi manne da buhuna yana tara raɓa a ciki. Ya kamata direba ya san abin da ya ɗauka da sunansa da lambarsa, a ba shi takardar a hannu, kuma kada ya kwana da irin wannan kaya a tsakiyar tasha inda masu shayi da masu tsire ke hura wuta.

Saboda haka, Malam Edita, ina kira ga 'yan kasuwarmu masu shigo da kaya su riƙa sharɗanta wa mai sayarwa tun wajen ciniki cewa a loda a kan busasshen katako, a rataya jakunkunan tsotse danshi a cikin kwantena, a kuma guji barin kayan da ke daskarewa a filin tasha cikin hunturun can. Ina roƙon hukumar kare muhalli, wadda ke ba da izinin shigo da sinadarai, da hukumar tashoshin jiragen ruwa da kwastan su riƙa gaggauta sallamar irin waɗannan kwantenoni, hukumar kashe gobara kuma ta san abin da ke cikin sitocin da ke tsakiyar unguwanni tun kafin ranar da za a kira ta. Sarakunan zango da limamai da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan dako suna da bakin da ake ji, kuma gidajen rediyon da ke shirye-shiryen Hausa a Kumasi da Accra za su iya ware rabin sa'a kafin Disamba su bayyana ma'anar shuɗiyar alamar nan. Ita kuma wannan jarida, idan za ta yarda ta buga alamomin da launinsu tare da bayanin kowace da Hausa a shafi guda, ni da kaina zan manna shi a ƙofar sito, in kuma kai wa maƙwabtanmu da masu gadinsu.

Wassalam.

Naka,
Wani ma'ajin sito,
Asawase, Kumasi.